Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye Hausawa Mazauna Cheltenham da Gloucester

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena, yayyena da ƙannena, ina gaishe ku da aiki, da sanyi, da haƙurin zaman ƙasar mutane. Na so in kawo wannan magana a zamanmu na wata-wata, to amma kun san yadda zaman yake. Kafin a gama lissafin adashe da ta'aziyyar waɗanda aka yi wa rasuwa a gida, masu aikin dare sun fara duba agogo. Shi ya sa na ce bari in rubuta, kowa ya karanta a lokacin da ya samu sarari, ko a cikin bas, ko a hutun ƙarfe uku na dare.

Abin da ya tunzura ni ya faru ne da Babbar Sallar 2025. Ranar Juma'a, 6 ga Yuni, aka yi idi. Washegari Asabar muka taru a gidan wata yayarmu a Cheltenham, aka ci nama, aka yi hira. Yara sun cika falo, sun sha ado, mazan da shadda, matan da lalle, amma kowannensu ya duƙufa a kan waya kamar an ba shi aiki. A daidai wannan lokacin, tafiyar da ba ta fi ta 'yan mintuna ba daga inda muke zaune, an kakkafa tantuna a Imperial Gardens, bikin kimiyyar garin yana kwanakinsa na ƙarshe. Na tambaya ko akwai wanda ya taɓa kai yaransa. Shiru. Can sai wata ƙanwata ta ce, "Yaya, ai bikin Turawa ne." Wani babanmu kuma, wanda nake ganin girmansa ƙwarai, ya ce, "'Yata, biki a garin nan ai giya ce da caca."

Baba, na san inda ka samo wannan, kuma ban ga laifinka ba. Duk wanda ya zauna a Cheltenham ya ga watan Maris. Kwana huɗu ake yi ana sukuwar dawaki a Prestbury Park, garin ya cika ya batse da baƙi, tun hantsi ake shan giya, ana zuba kuɗi a kan doki. Mu da muka taso muna kallon hawan sallah, muka san darajar doki da mahayinsa, a wannan makon sai mu ja yaranmu mu kulle ƙofa. Ni ma haka nake yi. To amma wake ɗaya ya ɓata mana gari. Da mun ji an ce biki, sai wancan makon ya faɗo mana a rai, alhali garin yana da wasu bukukuwa huɗu da ba su haɗa komai da shi ba, ko masu shiryawar ma daban ne. Wata ƙungiya ce da ba ta neman riba, Cheltenham Festivals, take shirya su: na kiɗan jaz a ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, na kimiyya a Yuni, na kiɗan gargajiyar Turawa a Yuli, sai na adabi a Oktoba.

Ni ma na shekara biyu ina wuce tantunan nan a hanyata ta zuwa aiki ban taɓa leƙawa ba. Wata tsohuwa da nake kula da ita ce ta buɗe mini ido. Tana da shekara kusan casa'in, ta manta sunan jikokinta, amma ba ta manta tarihin garinsu ba. Ita ta ba ni labarin tantabarun da kuke gani a tambarin garin. Wai wajajen 1716 aka lura tantabaru suna yawan sauka a wani fili suna tsattsagar gishirin da ya bushe a bakin wata maɓuɓɓuga. Da aka bincika sai ga ruwa mai gishiri-gishiri, aka ce magani ne. A 1788 Sarki George na Uku ya zo ya yi makonni yana sha, daga nan masu kuɗin Ingila suka yi ta kwararowa, aka gina manyan gidajen nan farare da faffaɗan titin Promenade. Ginin Pittville Pump Room da muke kai yara wasa a filin gabansa, a 1830 aka gama shi, don shan irin wannan ruwan. Da zamani ya juya, likitoci suka daina tura mutane shan ruwan gishiri, sai garin ya nemi wani abin da zai riƙa kawo masa baƙi. A watan Yuni na 1945, makonni kaɗan da ƙarewar yaƙin duniya a Turai, ana cikin rabon abinci da kati, suka buɗe bikin kiɗa. Na adabi ya biyo a 1949, na jaz a 1996, na kimiyya a 2002.

Na kimiyyar nake so mu fi tsayawa a kai, don a nan ne ba mu da uzuri ko ɗaya.

Kwana shida ake yi, a ciki da kewayen Town Hall. Akwai laccoci da ake sayen tikiti, wasu da tsada, ba zan ɓoye muku ba. Amma akwai tantuna da zaure da ake shiga kyauta, inda jami'o'i da kamfanoni ke baje kayansu a kan tebura don yara su taɓa. Taɓawar ita ce maganar. Yaro zai leƙa madubin likita ya ga abin da ke yawo a cikin ɗigon ruwa, zai ba mutum-mutumi umarni ya ga ya motsa, zai tsaya gaban mai bincike ya jefa masa tambayar da ko malaminsa na aji ba shi da lokacin amsawa. Ranar da na fara kai 'yata, ta tsaya wajen wata budurwa mai nazarin jini, ta tambaye ta me ya sa ɗan yayata da ke Katsina yake kwanciya ciwo duk lokacin sanyi. Budurwar nan ta ɗauki wasu 'yan robobi, wasu zagayayyu wasu masu siffar lauje, ta zura su cikin siririn bututu, ta nuna mata yadda masu laujen ke maƙalewa su tare hanya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na sha yi mata bayanin sikila da baki, bai taɓa shiga ba sai ranar. A bas muna komawa ta yi ta yi mini bayanin abin da na riga na sani, na yi shiru ina saurare kamar yau na fara ji.

Masu cewa bikin Turawa ne, ina roƙonku ku je wajen mahaifanmu ko kakanninmu ku duba damtsensu. Akwai wani tabo zagayayye da ake kira lamba. Ba na tarin fuka da ke hannun yaranmu nake nufi ba, na agana nake nufi, cutar da ta makantar da mutane ta cika maƙabartu a ƙasar Hausa. Wannan lambar daga nan yankin da muke zaune ta samo asali. Edward Jenner likita ne a Berkeley, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga nan. Ya bi diddigin maganar da mutanen karkara ke yi, cewa masu tatsar nono da suka ɗauki ƙurajen hantsar shanu ba sa kamuwa da agana. A watan Mayu na 1796 ya ɗebi ruwan irin wannan ƙurji daga hannun wata mai tatsa, ya tsaga fatar wani yaro ɗan shekara takwas ya sa masa, daga baya ya gwada shi da agana, ba ta kama shi ba. Kalmar da Turawa ke kiran allurar rigakafi da ita ma daga sunan saniya aka samo ta a harshen Latin. Jenner yana da gida a nan Cheltenham, ya yi wa mutane lamba a garin nan. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa agana ta ƙare a bayan ƙasa. To abin da ya bar tabo a hannun kakarka, ya kuma bar ta da ranta har ta haifi uwarka, ta yaya zai zama na wasu ban da kai?

Kuma ba tsohon labari ne kaɗai ba. Regent Arcade da muke shiga sayen takalman makaranta, a da garejin motoci ne, a cikinsa aka ɓoye aikin harhaɗa jirgin sama mai injin jet na farko a Birtaniya saboda tsoron bama-baman Jamus, jirgin da ya fara tashi a 1941 da injin Frank Whittle. Katafaren ginin nan mai kama da ƙawanya a Benhall kuwa kowa ya san na GCHQ ne, hukumar leƙen asirin sadarwa ta Birtaniya, kuma saboda shi kamfanonin tsaron intanet suka yi yawa a garin. Ayyukan da ke ciyar da manyan gidajen Cheltenham ke nan. Mu mun shigo ta ƙofar jinya da kula da tsofaffi da tuƙi da aikin sito, alhamdu lillahi, sana'a ce ta halal, ba na raina ta, da ita nake biyan haya. Amma ban san uwar da ta tsallako teku don ɗanta ya gaji aikin darenta ba. Yaro a nan yana ɗan shekara 13 zuwa 14 yake zaɓen darussan da zai rubuta a jarrabawar GCSE, kuma wannan zaɓin yana buɗe wasu ƙofofi ya rufe wasu. 'Ya'yan masu garin suna zuwa wannan zaɓin ne bayan sun shekara da shekaru suna hira da injiniyoyi a tantunan Yuni. Namu suna zuwa da abin da suka ji a gida, likita ko lauya, iyakar sunayen da muka sani ke nan.

Akwai wata gasa da aka haifa a wannan bikin a 2005, sunanta FameLab, wadda nake ganin kamar don mu aka yi ta. Mai bincike zai hau dandamali, a ba shi minti uku cif, ya bayyana wani abu na kimiyya ga mutanen da ba su san fannin ba. Ba majigi, ba karantawa daga allo, sai abin da zai iya ɗaukowa da hannunsa. Alƙalai suna duba abu uku: maganar gaskiya ce, an gane ta, kuma ya riƙe hankalin jama'a. Daga baya British Council ta shiga ciki, gasar ta bazu zuwa ƙasashe fiye da 30, har da Masar da Afirka ta Kudu, kuma shekaru da dama a nan Cheltenham zakarun ƙasashen suka riƙa haɗuwa. Akwai ma irinta ta 'yan sakandare a makarantun Gloucestershire. Yanzu ku dubi yaranmu. Yarinyar da take tsayawa gaban jama'a a musabaƙa, a ja mata baƙi ta ɗauka ba gargada, tsoron dandamali ne zai hana ta? Mu da muka taso da muhawara da kacici-kacici a makaranta, da tatsuniya a tsakar gida? Ƙannena da kuke digiri na biyu da na uku a jami'o'in yankin nan, ku da kuke iya zama ku bayyana wa Inna bincikenku ta waya da Hausa har ta ce "to, na gane," kun riga kun yi abin da ya fi wannan gasar wuya.

Na san za a ce lokaci. Gaskiya ne. Wanda ya yi awa goma sha biyu a tsaye ba ya marmarin tanti, gado yake nema. Kuma makon yakan faɗo cikin jarrabawar manyan yara. Amma mu ne fa muka iya karɓa-karɓa. Idan za mu iya tsara wanda zai ɗauko yaran gida huɗu daga Islamiyya ranar Asabar, za mu iya tsara wanda zai kai su Imperial Gardens sau ɗaya a shekara. Sannan makarantu da yawa suna kai ɗalibai da kansu a ranakun mako. Takardar neman izini ce za ta zo a jakar yaro, ta kwana uku a ƙarƙashin kwanon abinci, ranar tafiya a bar shi a wani aji shi kaɗai. Don Allah mu riƙa zazzage jakar nan.

Sai maganar kiɗa, wadda na san a nan ne za mu rabu. A cikinmu akwai waɗanda ba sa sauraren kiɗa saboda addini, kuma ba su ɗauki abin da wasa ba. Ban rubuto don in ja da su ba, ni ba malama ba ce, kowa ya tsaya inda malaminsa da zuciyarsa suka tsayar da shi. Wanda ya tsallake sauran wasiƙar nan ya riƙe ta kimiyyar, na gode masa. Maganata da sauranmu ce, mu da muke kunna waƙa a mota, muke ɗauko mai kiɗa ranar biki da suna, sannan idan an zo na garin sai mu ce ba namu ba ne.

Jaz dai kusan ɗan uwa ne da ya daɗe a tafiya. A New Orleans ta Amurka ya tashi, a farkon ƙarni na 20, a hannun jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, a garin da akwai wani fili, Congo Square, inda ake barin bayi su taru ranar Lahadi su yi kiɗa da rawa irin na gida. Banjo da aka yi amfani da ita a farkon jaz, asalinta ƙwarya ce da fata da tsirkiya, dangin su gurmi da garaya. Ranar da na fara zama a ciyawar Montpellier Gardens gaban dandamalin da ake kallo kyauta, ban san sunan ko mutum ɗaya a cikin makaɗan ba, amma na gane abin da suke yi. Mai busa zai jefa magana, mai ganga ya amsa, sauran su riƙe gindin kiɗan kamar 'yan amshi, sai ɗaya ya fita ya yi ta yawo da abin da ya zo masa a take, ya dawo ya sauka daidai inda aka bar masa. Makaɗin fada da ya hango baƙo ya shigo, ya saƙa sunansa da na kakansa a cikin waƙa ba tare da kiɗan ya karye ba, wannan aikin yake yi. Zan faɗa muku gaskiya, ana sayar da giya a wurin, kuma da dare yanayin yakan canza. Da rana nake zuwa da yara, wajen la'asar mun kama hanya.

Na Yulin ya fi wuyar shiga rai, kuma a can na yi abin kunya. Na sayi tikiti mafi araha na wani zama da safe a Pittville Pump Room, mutum huɗu da goge irin nasu, manya da ƙanana. Suka yi kiɗa mai daɗi, suka tsaya, ni kuwa na saki tafi raf-raf-raf, ni kaɗai a duk zauren. Ashe kiɗan kashi-kashi ne, ba a tafawa sai an kai ƙarshe gaba ɗaya. Wani dattijo a gefena ya matso ya raɗa mini cewa kada in damu, a zamanin da aka rubuta kiɗan ma haka mutane suke yi. Ko don ya rufa mini asiri ya faɗa, Allah ya saka masa. A wurinsu shirun shi ne girmamawa, kamar yadda liƙi da guɗa suke a wurinmu. Ba kirari, ba mai tashi ya taka. Da farko na ji kamar zaman makoki. Can wajen tsakiya na lura na daina tunanin hayar gida da kuɗin sabunta biza, abin da rabona da shi na manta. Ku sani kuma wasu daga cikin zaman a coci ake yin su, irin su Tewkesbury Abbey, don haka a duba wurin kafin a sayi tikiti.

Mutumin da gunkinsa ke tsaye a Imperial Gardens ya ɗaga sanda, wanda yaranmu ke zagayawa da gudu, Gustav Holst ne, a garin nan aka haife shi a 1874, gidan da aka haife shi yana Clarence Road, an mayar da shi gidan tarihi. Shi ya rubuta The Planets, kiɗa kashi bakwai, kowane kashi da sunan ɗaya daga cikin duniyoyin da ke zagaya rana. Ya fi karkata ga abin da masu duba ke faɗa a kan taurari fiye da abin da masana kimiyya ke faɗa, wannan kam sai a yi masa uzuri. Na kunna wa ɗana kashin Zuhura, na ce masa ita ce kakarsa take kira Zara matar wata. Ya ce shi bai taɓa sanin muna da sunayen taurari da Hausa ba. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

Ga roƙona. Shugabannin zamanmu, Allah ya ƙara girma, ku sa makon kimiyya a cikin jadawalinmu na shekara kamar yadda muke sa walimar Sallah. Idan jerin shirye-shiryen ya fito, a samu ɗaya daga cikin ɗalibanmu ya zauna ya tsamo waɗanda ake shiga kyauta da waɗanda suka dace da yara, ya yi bayaninsu da Hausa a saƙon murya, saboda iyayenmu mata da karatun Turanci ke yi wa nauyi. A ware wani abu kaɗan daga asusu don tikitin lacca ɗaya ko biyu ga manyan yara. Samarinmu da 'yan matanmu da suka kai shekaru kuma su nemi aikin sa-kai, domin bukukuwan nan da 'yan sa-kai suke tafiya, masu nuna wa mutane kujera da masu tarbar baƙi. Wanda ya yi zai samu abin rubutawa a takardar neman jami'a, zai kuma san mutane. Ku kanku kun san da ɗan gari akan ci gari, kuma yaran nan da aka haifa ko suka tashi a nan su ne 'yan garin, mu ne ba mu gaya musu ba.

Baba, kai kuma ina neman alfarma ɗaya. Ka zo ka gani da idonka sau ɗaya, ko na rabin awa ne. Idan ka ga abin da bai dace ba, ka faɗa a gaban kowa, ni zan fara janye maganata.

In Allah ya kai mu Yuni mai zuwa, ranar Asabar ɗin bikin, na riga na ƙudura zan nemi hutu. Zan tsaya gindin gunkin Holst da ƙarfe goma na safe. Duk wadda take da aiki ranar ta turo mini nata, 'yan Gloucester ku hau bas mai lamba 94, yana kawowa har tsakiyar gari. Kowane yaro ya zo da abincinsa da rigar ruwa, don sama a ƙasar nan ba ta da alƙawari. Zoɓo kuma nawa ne.

Wassalam.

'Yarku kuma 'yar uwarku,
wata ma'aikaciyar jinya a Cheltenham